Jama'ar Matamaye, Kada Ku Ba Ɗan Gwangwan Tele Mai Sauran Numfashi

Jama'ar Matamaye, da ku na Kance, Ɗan Barto, Kurni, Tsauni, Yawuri da Icirnawa: Ina roƙon kowane mai gida, in ya gama karanta wannan, ya tashi ya leƙa kusurwar ɗakinsa ko ƙarƙashin gadon uwargida. Da wuya a rasa ta: tsohuwar tele mai ƙeya, an lulluɓe ta da zane, an ɗora mata kwanuka, tana jiran ranar da ɗan gwangwan zai biyo layi da baronsa ya taya ta kuɗin goro. Kafin wannan rana ta zo, ku kakkaɓe ta ku kai wa mai gyara. Da yawa cikin waɗanda muke cewa sun mutu, suma kawai suka yi.

Na ga haka da idona a gidan kawuna. Ana tsakiyar kokawar takobi, tsakar gida cike da yara da maƙwabta, sai hoto ya ɗauke, ya bar wani farin zare guda kwance daga wannan gefe zuwa wancan. Muryar mai sharhi na fita raɗau, amma babu ɗan kokawa ko ɗaya. Kawu ya buge ta a ƙeya sau biyu, hoton ya dawo na ɗan lokaci, ya sake komawa zare. Ya ce shi ke nan, ta yi nata, gobe a sayar. Da ƙyar na lallashe shi muka ɗora ta a babur zuwa rumfar wani dattijo mai gyara. Dattijon bai ko buɗe ta ba, ya kunna, ya dubi zaren, ya kashe da sauri.

"Alhaji, kwana nawa kuna kunna ta a haka?"

"Jiya ne kawai, Malam. Ai na ce da yaron nan wahala yake yi, ta mutu."

"Wallahi da ranta, Alhaji. Dalma ce ta saki. Ka zauna ka sha shayi."

Kafin shayi ya kai na biyu ya sake liƙe ƙafafun wani ɗan baƙin abu mai haƙora da yawa, ya canza kondansa biyu da suka kumbura, hoto ya buɗe. Jaka biyu kawu ya biya, kuma har yau a cikinta yake kallon tafsiri da azumi.

Abin da ya sa dattijon ya gane ciwon tun daga bakin ƙofa shi ne, tsohuwar tele ba ta ɓoye cutarta. A cikin kwalbar nan tata wani siririn haske ne yake gudu, yana zana hoto layi bayan layi, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa. Sashe ɗaya ke kora shi gefe da gefe, wani sashen ke kora shi sama da ƙasa. Idan na sama da ƙasa ya tsaya, duk layukan sai su taru wuri guda, shi ne farin zaren. Kuma ku riƙe wannan: duk wanda ya ga zaren nan ya kashe nan take, kada ya ce bari ya ci gaba da jin magana kamar rediyo. Hasken da ya kamata ya bazu a fuskar gilashin gaba ɗaya ne ya taru a layi guda, in an bar shi zai ƙona wurin, ya bar tabon da babu mai gyaran da zai iya goge shi.

Duka kuwa, wanda kowane mai gida ya ƙware a kai, alama ce da kanta. Telen da ke dawowa hayyacinta in an mare ta tana gaya muku cewa dalmar da ta riƙe wata ƙafa ta tsage saboda zafi da sanyi na shekaru. Gyaran minti kaɗan ne. Amma kowane mari yana ƙara buɗe tsagar, wata rana kuma ƙafar za ta yi tartsatsi ta tafi da abin da ya fi ta tsada. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Akwai wadda za a kunna ta yi shiru ɗif, ko jan idon nan na gaba bai kama ba. Wannan sau da yawa ciwon yana mashigar wuta: waya ce ta karye a ciki, ko makunni, ko fis ya tsinke. Akwai wadda jan idon zai kama amma ta ƙi tashi, tana wani ƙas-ƙas-ƙas a hankali kamar agogo. Ita kuma yawanci babban taransistan da ke tura layi ne ya ƙone, mai ba da wuta yana yunƙurin tashi yana faɗuwa. Mai gyaran kirki ba ya canza shi ya tsaya nan, sai ya nemo abin da ya kashe shi, in ba haka ba sabon ma bayansa zai bi. Wata hotonta ne zai tsuke ya bar baƙi a gefe, ko ya riƙa rawa kamar tuta, ko ta ɗauki rabin awa kafin ta wartsake. A nan kondansa ake fara tuhuma, 'yan gwangwanayen nan masu kama da ƙaramin batir. Akwai ruwan magani a cikinsu, zafin Afrilu da Mayu irin namu kuwa shanye shi yake yi a hankali har su bushe. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma sun aika da tele bola fiye da kowace cuta.

In kun ga fuskar mai labarai ta koma kore ko shuɗi, launi ɗaya ne cikin ukun nan, ja da kore da shuɗi, ya daina isowa, kuma ɗan allon da ke manne a wuyan kwalba ake dubawa. In kuwa wani tabo ne mai launin bakan gizo ya fito a kusurwa, ku duba ko an ajiye lasifika ko rediyo kusa da ita, domin maganaɗisu ke jawo shi. Ku janye abin, ku zare telen daga soket na rabin awa, ku sake kunnawa. Tana da abin wanke kanta da ke aiki a duk lokacin da aka kunna ta da sanyinta. Da damina kuma wata za ta tashi da hoto dishi-dishi kamar mai hakiya, sai ta yi zafi ta washe, ko ta riƙa huci tss-tss da wani wari kamar na ashana. Laima ce ta haɗu da ƙurar hunturun da ta kwanta a ciki. Wannan a kai ta da wuri.

To, ga inda zan ɗaga murya. Na faɗa muku alamomin nan ne don ku san abin da za ku gaya wa mai gyara, kada kuma a cuce ku. Ban faɗa don ku ɗauko sukuddireba ba. Samari, ku nake nufi, musamman ku masu kallon bidiyon gyara a waya ku ɗauka kun zama injiniyoyi. Wutar da ke shigowa gidajenmu volt 220 ce. A cikin tele mai launi akwai wani abu da masu gyaranmu ke kira te-hash-te, na Kano su ce filaibak, aikinsa ya ɗaga wuta ta kai wajen volt 25,000, ya aika da ita ta jar wayar nan mai hular roba da ke manne a jikin kwalba. Kwalbar tana riƙe wannan wuta ko bayan an kashe an zare waya, wani lokaci har kwanaki. Babbar kondansar mashigar wuta ita ma tana iya ajiye sama da volt 300. Mai gyara ya san yadda ake sauke su kafin ya sa hannu, kai ba ka sani ba. Sannan kwalbar babu iska a cikinta ko kaɗan. In ta fashe, gilashi ne zai yi tsalle ya nemi ido. Iyaye mata, don Allah kada ku bar yara su mai da matacciyar tele abin wasa a bayan gida.

Abin da ke hannunku a gida ma yana da yawa. A gwada soket da wata na'ura. A canza batirin telekomand, a kuma nuna bakinsa ga kyamarar waya a danna. In yana da rai za a ga ɗan haske yana ƙiftawa. A duba wayoyin nan uku, rawaya ta hoto, fara da ja na sauti, ko sun zauna a ramukansu. Sau nawa aka ɗauki tele mai lafiya zuwa rumfa alhali dekoda ce ta lalace, ko iska ta karkatar da faranti, ko akuya ta tauna wayar eriya? A cire mata zanen ado in tana aiki, a matso da ita daga bango ta sha iska, a daina ɗora mata kofin ruwa.

Mu mutanen bakin iyaka muna da wani tsohon darasi a kan wannan. Dattawa za su tuna lokacin da mutum zai bi ta Ɗan Barto da Kwangwalam ya wuce Daura, ya sayo tele sabuwa dal a Kano, ya zo gida ya kamo Télé Sahel sai ya ga baƙi da fari, sautin ma sai shuuu. Lafiyarta ƙalau. Nijar ta bi tsarin launi na Faransa mai suna SECAM, Najeriya kuma tana kan PAL, har mazaunin sautinsu ya bambanta. Masu gyara ne suka riƙa sasanta tsarin biyu a kan teburinsu, kafin masu kama kowane tsari su cika kasuwa. Har gobe, in dekoda ta ba ku baƙi da fari, ku fara duba tsarin launin da aka zaɓa a cikinta kafin ku zargi tele.

Kuma mu ba baƙin wannan akwati ba ne. Tun 1964 Nijar ta fara koyar da 'yan firamare ta talabijin, har aka kai ga kunna wasu akwatunan da hasken rana a ƙauyuka, tun duniya ba ta waye da sola ba. Gidan talabijin na ƙasa ya kankama zamanin Seyni Kountché. Daga 1990, da fitowar Turmin Danya a Kano, finafinan Hausa suka sa tele da bidiyo suka shiga ɗakin kowace amarya. Duk tsawon shekarun nan wa ya riƙe su suna aiki? Mutanen nan ne na rumfunan langa-langa, masu ƙarfen liƙi da mita, waɗanda yau muke wucewa ko sannu babu.

Wasu na cewa ai zamanin dijital ya kashe tsohuwar tele. Gaskiya ne ƙasashe sun yi yarjejeniya a Janiba a 2006 cewa za a bar tsohon tsarin watsa shirye-shirye, aka sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adi. To amma abin da aka canza hanyar da hoto ke isowa ne. Ku haɗa mata dekoda da wayoyi ukun nan, za ta nuna muku ƙwallon Mena da kokawa da labarai kamar kowace.

Babban makashinta a nan shi ne kuran. Wutar yankin Maraɗi da Damagaram, kaso mai yawa daga Najeriya take shigowa, ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da aka datse ta saboda takunkumin CEDEAO, ba ta dawo ba sai 2024. A irin wannan hali na ɗaukewa da kawowa, da ƙananan janareto masu hawa da sauka, kayan wuta ke mutuwa. Ɗaukewar ba ta cika yin ɓarna ba, dawowar ce ke zuwa da ƙarfi. Saboda haka in an ɗauke, a zare waya daga bango. In an kawo, a bar ƙwan fitila ya fara shaida ta na 'yan mintoci. Mai hali ya sayi regilata. Hadari kuma in ya haɗo, a zare ta wuta, a zare ta eriya, domin tsawa ta kowace ƙofa tana shiga. Kowa ya kiyaye wannan ya ƙara wa telensa shekaru, sabuwa ce ko tsohuwa.

Yanzu mu bi baron ɗan gwangwan mu ga inda yake zuwa. Ba na zarginsa, abincinsa yake nema. Amma abin da yake so a cikin tele jan ƙarfen da ke naɗe a wuyan kwalba ne, da wayoyi, da ɗan alminiyam. Sai a fasa, a ɗebe, a cinna wa wayoyin wuta don roba ta narke, a watsar da gilashin a kwata ko a bakin gona. Gilashin bayan kwalbar nan da dalma aka haɗa shi, don ya tare wani haske mai cutarwa kada ya fito. Babbar tele ɗaya tana ɗauke da kilo ko fiye. Muddin kwalbar na nan a haɗe, dalmar a ɗaure take. In an farfasa ta an zubar, ruwan sama da shekaru za su riƙa tsotso ta zuwa ƙasa. Mu kuwa a ƙasar korama muke, inda ruwa ke kusa, inda rake da kayan lambu ke ciyar da gidaje. Wanda bai san gubar dalma ba ya tambayi mutanen Zamfara: a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya. Tasu daga dutse ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi ci. Shugabannin Afirka sun sa hannu a Bamako tun 1991 kan hana shigo mana da shara mai guba daga waje. Ita wadda muke fasawa da hannunmu a bayan gida, wace yarjejeniya za ta hana ta in ba mu ba?

Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai wadda ta gama. In kwalbar ce da kanta ta tsufa, hoto ya yi duhu ko an ƙure haske, babu sabuwa a kasuwa. Manyan kamfanoni sun daina ƙera su, Sony ma ta rufe nata tun 2008. Kuma mai ƙeya ta fi shafaffiyar da muke kira filasma shan wuta, don haka wanda ke kan faranti ɗaya na sola da batir ɗaya yana da hujja in ya canza. Amma ko wadda ta gama ɗin, rumfar mai gyara ce makomarta. A jikinta zai ciri lasifika da taransifoma da te-hash-ten da zai tayar da ta maƙwabcinka. Masu sayen filasma kuma kada su yi dariya. Ita ma takan yi magana babu hoto, a haska ta da tocila a ga hoton can ciki dishi-dishi, alamar fitilun bayanta ne suka mutu. Wurin wa za a kai ta? Wurin dattijon nan dai, in har mun bar shi da rai a sana'arsa.

Ku kuma masu gyara, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuna da laifi a cikin gudun da mutane ke yi muku. Wanda ya kawo tele da ciwo ɗaya ya karɓe ta da uku, ba zai dawo ba, kuma zai hana goma zuwa. Ku daina naɗa waya ko takardar sigari a mazaunin fis. Fis mai gadi ne, an yi shi don ya mutu a madadin gidan mutum. Ku faɗi kuɗi kafin ku fara. Ku miƙa wa mai kaya abin da kuka cire ya gani da idonsa. Kada a ciri na Audu a sa wa Tanko. In za ku cire allon asali ku sa na Sin ɗin nan mai shiga kowace tele, ku gaya wa mai ita. In kayan sai an aika kasuwar Dole a Damagaram ko Sabon Gari a Kano, ku faɗi ranar gaskiya, a daina "dawo gobe" har wata uku. Wadda ba za ta tashi ba, ku ce ba za ta tashi ba. Ku wanke hannu kafin cin abinci, domin dalma kuke taɓawa wuni guda. Sannan ku buɗe wa yara ƙirjinku. Sirrin da aka shiga kabari da shi bai amfani kowa ba.

Iyaye, wannan ne ya fi damuna. Yaron da ya iya bin wuta da mita a allon tsohuwar tele, ya san inda ta shiga da inda ta tsaya, ya samu mabuɗin dekoda da cajar waya da fanka da amfilifayar masallaci da na'urorin solar da ke cika ƙauyukanmu. A kan tsohuwar tele ake koyo da kyau, domin kayanta manya ne, ido na ganinsu, hannu na kama su. Mu a wannan gunduma mun san kuɗin rashin sana'a. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada, arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da dama daga ƙasar Kance. Allah ya jiƙansu. Ban ce ƙarfen liƙi kaɗai zai rufe wannan hanya ba, amma duk rumfar da ta ɗauki almajirai biyu ta rage masu hawa motar Agadas da biyu. Ku kai 'ya'yanku, har da mata, domin aikin nan natsuwa yake so fiye da ƙarfi.

Hukumomin gari, sarakuna da masu unguwanni, naku bai fi ƙarfinku ba. A ware wuri guda mai rufi inda za a tara matattun kwalabe ba tare da an fasa su ba. A hana ƙona waya a cikin gari da bakin lambuna. A nemi cibiyoyin koyon sana'a na CFM da asusun FAFPA su ɗauki tsofaffin masu gyara a matsayin malamai, a ba almajiransu mita da takardar shaida. Turawan da suka ƙera kayan nan ma sun dawo kan gyara: a Amstadam tun 2009 ake taruwa a gyara kayan unguwa kyauta, Faransa kuma a 2021 ta tilasta a rubuta wa mai sayen tele maki bisa goma na sauƙin gyaranta. Abin da suke farfaɗowa da doka, mu yana nan zaune a bakin kasuwarmu yana jiran ciniki. 'Yan fada, ku da kuke kwana shan shayi, ku zagaya unguwa ku ƙirga gidajen da ke da tele a kwance, ku taimaki tsofaffi da zawarawa da ɗauka.

Ranar kasuwa mai zuwa, mai kawo rake ya ɗoro ta a amalanke. A shimfiɗa mata bargo, a kwantar da ita kan fuskarta ko a ɗaure ta tsaye, a kiyaye ƙeyar, domin wuyan kwalba a nan yake kuma shi ne mafi rauni. In kun isa, ku gaya wa mai gyara abin da kuka gani da abin da kuka ji: zare ne, ƙas-ƙas ne, wari ne, bayan tsawa ne ko bayan dawowar kuran. Ku tambayi kuɗi, ku zauna a yi a gabanku in da hali. Telekomand ɗin ma ku zo da shi.